Ciki Ya Wuce Lokaci, Jariri Kuma Babba: Tiyata Ko Tayar da Naƙuda?

Jawabin da 'yan'uwa ma'aikatan asibiti suka gabatar wa dattawa da Zumuntar Mata a Basawa

 

Maganar da aka roƙe mu mu yi a kanta ita ce wadda takan ta da hankalin gida duka. Mace ta je awo, likita ya duba kati ya ce ranar haihuwa ta wuce, hoton ciki kuma ya nuna jaririn babba ne. Sai ya ce hanya biyu ce: ko a tayar mata da naƙuda, ko a yi mata aiki a ciro ɗan. Ta dawo gida da wannan magana, miji ya yi shiru, uwar miji ta ce a dakata, maƙwabciya ta ce ita ma an faɗa mata haka amma ta haihu da kanta. Daga nan sai a zo wurin fasto ko dattijo a ce ya yi addu'a, ya kuma ba da shawara. Addu'ar kun fi mu iyawa. Shawarar ce muke so mu taimaka a kai, gama abin da dattijo ya faɗa a zaure yakan fi na likita nauyi a gidajenmu.

Bari mu fara da ƙirge. Mu a gida wata muke ƙirgawa, asibiti kuwa mako yake ƙirgawa, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Ranar da ake rubutawa a kati ita ce cikar mako 40, kuma kiyasi ne kawai, mata kaɗan ne suke haihuwa a ranar daidai. Wadda ta wuce da kwana uku ko huɗu ba ta shiga hatsari ba tukuna. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa idan an tabbata ciki ya kai mako 41, a tayar da naƙuda. Dalili shi ne mabiyiya, wadda ta wurinta jariri yake samun abinci da iska, tana tsufa. Ruwan da yake kwance a ciki yana raguwa, yakan yi kashinsa na farko a cikin ruwan ya shaƙa, kuma hatsarin ya mutu a ciki yana ƙaruwa, musamman bayan mako 42.

Kun ji mun ce idan an tabbata. Nan ne wahalarmu take. Wadda ta yi kwanika ba ta ga al'ada ba balle ta riƙe rana. Hoton da aka ɗauka cikin wata uku na farko yakan faɗi kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako ɗaya ba, amma wanda aka fara ɗauka a wata na takwas yana iya kuskure har mako uku. Saboda haka iyaye mata, kunyar cikin fari da takan hana yarinya zuwa awo sai ciki ya fito, ita ce take ɗaure hannun likita a ƙarshe.

Nauyin ma kiyasi ne. Yawancin jarirai kilo 3 ne ko ɗan sama da haka, wanda ya kai kilo 4 shi ake kira babba. Na'urar hoto ba ma'auni ba ce, kai da ciki da ƙashin cinya take aunawa ta yi lissafi, kuma takan kuskure da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wanda aka ce kilo 4 ne yana iya fitowa uku da rabi, yana kuma iya fitowa huɗu da rabi. A wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka buga a 2025, a kan mata kusan 2,900 da hoto ya nuna jariransu manya ne, fiye da rabin jariran ba su fito da girman da aka zata ba. Don haka girma shi kaɗai ba ya sa a kai mace ɗakin tiyata. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ma ba ta ce a yi tunanin tiyata saboda girma kawai ba sai kiyasi ya kai kilo 5, ko kilo 4 da rabi ga mai ciwon suga. Sai dai likitanmu a nan yana duba abin da takarda ba ta gani: tsawon matar, faɗin ƙugunta, shekarunta, da yadda haihuwarta ta baya ta kasance. Mace mai 'ya'ya huɗu da ta taɓa haifar kilo 4 lafiya ba ɗaya take da yarinya gajera mai cikin fari wadda kan ɗanta bai ko sauka ba.

To, mene ne tayar da naƙuda? Wani lokaci ungozoma takan fara da sa yatsa ta shafa bakin mahaifa, wannan kaɗai yakan isa. In bai isa ba, akan sa wata 'yar roba mai kumburi a baki ta buɗe bakin mahaifa a hankali, ko a ba da ƙwayar misofurostol, daga baya a ɗaura ruwan naƙuda ana ƙirga ɗigonsa. Abin yana iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu. Duk tsawon lokacin ana sauraron bugun zuciyar jariri, ana duba ko bakin mahaifa yana buɗewa, ko kai yana saukowa. Idan ya yi kyau, mace ta haihu da kanta, ta tashi da wuri, ba tabo a mahaifa, wannan riba ce babba ga mai son ƙara haihuwa. Idan kuma jariri ya gaji ko hanya ta ƙi, sai a juya zuwa tiyata nan take. Shi ya sa ba a tayar da naƙudar babban jariri sai inda akwai ɗakin tiyata da likita da jini a kusa. Abin da ake tsoro ga babban jariri shi ne kai ya fito kafaɗa ta maƙale. Mintoci kaɗan ake da su, sai hannun da ya ƙware, kuma yaro yana iya tashi da shanyayyen hannu. Uwa ma tana iya ƙaruwa sosai ko ta zubar da jini bayan haihuwa.

Nan za mu tsaya mu ja kunne. Wannan ƙwaya da wannan allura ana samunsu a wasu shagunan magani, akwai kuma masu zuwa gida su yi wa mace allurar naƙuda don a gudu wa asibiti. Ƙwayar da aka fi sayarwa mai ƙarfin 200 ce, abin da ake bai wa mai ciki don tayar da naƙuda kuwa 25 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas. Maganin yana matse mahaifa ne, ba ya faɗaɗa ƙashi. Idan ɗa ya fi ƙarfin hanya aka ci gaba da matsewa, mahaifa ce take fashewa. Wadda aka taɓa yi wa aiki kuwa, ba a ba ta wannan ƙwaya don tayar da naƙuda ko a asibiti ma.

Akwai inda ba a ma tsayawa zaɓi, tiyata ce kai tsaye: jariri ya kwanta a gicciye, ko babba ne kuma ya zo da gindi, ko mabiyiya ta tare hanya, ko bugun zuciyarsa ya nuna yana wahala, ko an taɓa yi wa uwar gyaran yoyon fitsari. Wadda ke da tabon aiki na baya ga kuma babban jariri, yawancin likitoci za su ce a sake aikin. A yau galibi allura ake yi a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, mace tana farke tana jin kukan ɗanta na farko.

Ba za mu ce muku tiyata wasa ce ba. Akwai zubar jini, akwai ruɓewar ciwo, jego ya fi tsawo, sai a bar kusan shekara biyu kafin wani ciki, kuma duk haihuwar gaba a asibiti za a yi ta. Tsoron da mutanenmu suke yi yana da tushe. Wani bincike da aka buga a 2019 daga ƙasashen Afirka 22 ya nuna kusan mace 1 cikin 200 da aka yi wa wannan aiki ta rasu, ninki 50 na ƙasashe masu arziki. Amma binciken ya nuna wani abu kuma: kashi uku cikin huɗu na ayyukan na gaggawa ne. Aikin da aka shirya da safe, mace da ƙarfinta, jini a ajiye, dabam yake da wanda aka yi ƙarfe biyun dare ga wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Idan irin wannan ta rasu sai gari ya ɗauka wuƙa ce ta kashe ta, ba mai tuna kwana biyun.

Mu mutanen Zariya bai kamata a koya mana wannan daga waje ba, domin a garinmu aka gano shi. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Mata 238 suka rasu, kuma mafi yawansu, nesa ba kusa ba, waɗanda ba su yi awo ba ne, sai da abu ya lalace aka kawo su. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, amma sakamako biyu. Har yanzu ba mu fita ba: kiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya ce mata kusan 75,000 suka mutu a Nijeriya wajen ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Sashen masu yoyon fitsari a asibitin Gambo Sawaba shi ma shaida ne na doguwar naƙuda.

Yanzu ga abin da ya shafe mu a matsayin ikkilisiya, kuma muna roƙon gafarar iyayenmu in mun yi magana a gabansu kan Littafi. Muna yawan ji ana yi wa mai ciki addu'a ta haihu kamar matan Ibraniyawa, har wasu suna ɗaukar tiyata alamar ƙarancin bangaskiya. Amma a Fitowa sura ta ɗaya, maganar saurin haihuwar matan Ibraniyawa amsa ce da ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, suka bai wa Fir'auna don su ceci 'ya'ya maza. Ba alkawari ba ne da Allah ya yi wa kowace mai bi. Rahila matar Yakubu, wadda Allah ya ji addu'arta ya buɗe mahaifarta, wajen haihuwar Biliyaminu ta rasu a hanyar Baitalami. Waɗanda kuwa Allah ya yi wa alheri a wancan labari su ne ungozomomin da suka ƙi bari jarirai su mutu. Bishara ma da asibiti ta zo ƙasar nan. Dokta Miller likita ne, kuma har yau asibitin Wusasa yana ɗauke da sunan Luka likita.

Ku lura kuma da lokacin ba da shaida ranar Lahadi. Wadda ta haihu da kanta takan fito da rawa ta ce likita ya ce aiki amma Allah ya kunyata shi, jama'a su yi guɗa. A bayanta akwai wadda aka yi wa aiki, tana zaune da ɗanta rayayye, ta sunkuyar da kai. Akwai kuma yarinya mai ciki wata takwas tana kallo tana koyon darasi. Muna roƙon fastocinmu, ranar godiya a karɓi su biyun da murna ɗaya, a bakin mai wa'azi kuma a ji cewa ceto ne duka.

Idan iyali suka zo muku da wannan magana, kada ku zaɓa musu, kada kuma ku ce a ƙara mako guda a gani. Ku tura mata da miji tare su koma wurin likita su tambaya: da wane hoto aka ƙirga kwanakin? Nawa ne kiyasin nauyin? An gwada suga? Kan ya sauka? In an tayar da naƙuda ta ƙi, akwai mai yin aiki a wannan asibiti da dare? In babu, a nemi takardar turawa tun da rana zuwa Shika ko Wusasa ko babban asibitin gwamnati. Matar ita ce mai jikin, a bar ta ta yi magana, ko da surukai suna wurin. Mace baliga tana da ikon sa hannu da kanta, amma mun san a aikace akan tsaya jiran miji. A nan Basawa da yawa cikin mazajenmu sojoji ne, ranar na iya zuwa suna bakin aiki a wata jiha waya ba ta shiga. A gama wannan magana tun miji yana gida, a san wanda zai tsaya mata.

A kwanakin jira kuma, idan motsin jariri ya ragu, ko faya ta fashe, ko ruwan ya fito kore, ko jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ba a jira gari ya waye.

Saura kuɗi da jini da mota, waɗanda su ne suka fi jinkirta mu. A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A tambaya tun lokacin awo ko asibitin da za a je yana cikin shirin, kada a dogara da jin labari. Muna ba majalisar dattawa shawara a ware wani abu daga baikon godiya ya zama asusun haihuwa, a hannun mutum biyu da za a iya tasa da dare, a ba da rance a biya bayan kaka. A kuma san mai mota ko mai keke biyu da suka yarda a buga musu ƙofa kowane lokaci. Jini kuwa, matasanmu suna da shi. Leda ɗaya ba ta rage wa lafiyayyen saurayi komai, jiki yana mayar da ita. Mun zo da kayan gwajin rukunin jini, duk mai so ya tsaya bayan addu'ar rufewa, magatakarda zai rubuta sunaye da unguwanni.