Cinikin Kujeru Bayan Zaɓen 1959

Jama'a, 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku kasa kunne mu yi lissafi.

Ran 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen Majalisar Wakilai ta Ikko. Kujeru 312 ne, wanda zai kafa gwamnati kuwa sai ya tara 157. NPC ta sami 134, NCNC da abokiyarta NEPU 89, Action Group 73. Ba wadda ta kai. Kada ku manta, matan Arewa ba a ba su ƙuri'a ba a wannan zaɓe.

To, ku da kuka saba da ƙidaya, ku haɗa 89 da 73. Ai 162 ke nan, sun wuce 157! Da Azikiwe da Awolowo sun shirya, da mulki nasu ne. Amma ba su amince da juna ba, ana kuma tsoron kada Arewa ta ƙi zaman tarayya idan aka bar ta waje. Gwamna-Janar Robertson ya kira Abubakar Tafawa Balewa, NCNC ta bi NPC, aka raba ministoci. Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna-Janar a 1960.

Abin da ke ci mana rai shi ne halin mai ƙuri'a. Talakan Kano da ya sha wuya ya zaɓi Malam Aminu don ƙin NPC, sai ya wayi gari wakilinsa yana zaune ɓangaren gwamnatin NPC. Wa ya shawarce shi? Ko dillali ba ya sallama kaya sai ya tambayi mai su.

Haɗin ma bai yi ƙarko ba. Rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ta ɓata tsakaninsu, kafin zaɓen 1964 NCNC ta koma wajen Action Group ɗin da ta ƙi.