Wane Bayit ne a Gaba? Gano Tsarin Jera Bayit a Manhajojin Wayar Hannu



Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san Balarabe kan fara da ƙaramin adadi in zai ce 25: biyar da ashirin. Bahaushe kuwa ashirin da biyar yake cewa. Adadin bai canza ba, jerin ne ya bambanta. Irin wannan saɓani yana nan a cikin kwamfuta, kuma a kansa takardata ta tsaya.

Lamba takan ci bayit huɗu a ma'adanar waya. Mu ɗauki 1000, wadda a lissafin tushe 16 ake rubutawa 00 00 03 E8. Wata na'ura haka take ajiye ta, babban bayit a gaba. Wata kuma ta juya ta, E8 03 00 00. Turawa na kiran na farko big-endian, na biyu little-endian, sunayen da Danny Cohen ya aro a 1980 daga littafin Jonathan Swift na 1726, inda aka yi yaƙi kan ta wane kai za a fasa dafaffen ƙwai. A nan zan kira su babba-gaba da ƙarami-gaba. Idan aka ajiye 1000 a ƙarami-gaba, aka karanta a babba-gaba, abin da zai fito shi ne 3,892,510,720. A Java ma, inda int ke ɗauke da alamar ragi, sai ta koma -402,456,576. Ku ƙaddara kuɗin wani ne.

Gano tsarin waya ba wuya. A Android ana kiran ByteOrder.nativeOrder(), a iOS akwai CFByteOrderGetCurrent(), C++20 kuma ta zo da std::endian. Tsohuwar dabarar C tana nan: ajiye 1 a lamba mai bayit biyu, ka leƙa bayit na farko, in ka ga 1, ƙarami-gaba ce. Sai dai amsar ɗaya ce kullum. Duk gine-ginen da Android ke tallafawa yau, armeabi-v7a da arm64-v8a da x86 da x86_64, ƙarami-gaba ne, haka ma kowace iPhone. Ƙwaƙwalwar ARM na iya aiki ta kowane ɓangare, amma masu waya sun tsaya a ɗaya.

To in haka ne, ina matsalar take fitowa? Bari in ba ku abin da ya same ni. Na taɓa rubuta 'yar manhajar naɗar karatu don almajirai su riƙa sauraren muryar malaminsu. Na karɓi sautin daga AudioRecord, na zuba shi a fayil ɗin WAV ta hanyar DataOutputStream. Da na kunna, sai shuuu, kamar rediyon da ya rasa tasha, muryar malam na can ƙasa tana ƙoƙarin fitowa. Kwana biyu ina zargin makirfo, har na ari wata waya na gwada. Ashe writeShort babba-gaba yake rubutawa ko a wace na'ura yake, WAV kuwa ƙarami-gaba yake so. Na binciki tsarin wayar tun farko, ta ba ni amsar gaskiya, amsar ba ta amfane ni da komai ba, domin ba ita ya kamata in tambaya ba.

Abin tambaya shi ne bayanin kansa, kuma kowane bayani da ƙa'idarsa a rubuce. TCP/IP babba-gaba ne, shi ya sa ake da htonl da ntohl. PNG babba-gaba. Bluetooth LE ƙarami-gaba, wanda duk mai haɗa waya da ma'aunin hawan jini ko agogon hannu zai ci karo da shi. TIFF, da bayanan EXIF da ke manne a hotunan wayoyinmu, su da bakinsu suke faɗa: haruffa biyun farko II ne ko MM. ByteBuffer kuma, wanda ya fi kowa yaudarar sababbin shiga, a babba-gaba yake farawa ko da wayar ƙarami-gaba ce, sai ka kira order() ka gaya masa abin da kake so. Rob Pike ya yi wannan magana tun 2012: ka tattara lambar bayit-bayit ta hanyar turawa hagu da haɗawa, bisa ƙa'idar fayil ɗin, manhajarka za ta yi aiki a kowace na'ura ba tare da ka san tsarinta ba. Ina tare da shi.

Mu masu rubutu da Hausa abin ya taɓa mu ta wata fuska. Harafin ƙ lambarsa 0199 ce a Unicode. In aka juya bayit ɗinsa a UTF-16 ya koma 9901, harafin Sinanci kenan. Alamar naira, 20A6, in ta juye ta zama A620, wadda ita ce sifili a rubutun Vai na Laberiya. Naira ta koma sifili. Ban san raha da ta fi wannan ɗaci ba. UTF-8 ba shi da wannan ciwo, don haka shi nake ba da shawara a riƙe.

Akwai wurin da tsarin waya yake da muhimmanci, kada a ce na share shi. Idan za ka miƙa ma'adana kai tsaye ga abin da ke ƙasa da Java, kamar kusurwoyin zane ga OpenGL ES ko hoto ga TensorFlow Lite, dole ka haɗa allocateDirect da order(ByteOrder.nativeOrder()). In ka manta da order(), allo zai fito baƙi ƙirin ko zanen ya tarwatse, ba kuwa wani saƙon kuskure da zai nuna maka hanya. Ko a nan ɗin ma ba ka buƙatar sanin amsar, ka karɓe ta daga nativeOrder() ka miƙa wa order().