Sirrin Kindirmo: Ɗumi

Yau batunmu kindirmo ne, kuma sirrinsa guda ne: ɗumi.

Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke mai da madara kindirmo. Zafi ya yi yawa, su mutu. Sanyi ya yi yawa, su yi barci.

To, uwargida, in kin tafasa madara, bari ta huce a ƙwarya. Ɗiga kaɗan a bayan hannunki. In ɗumi kika ji, ba ƙuna ba, zuba ɗan kindirmon jiya, ki rufe ƙwaryar da faifai.

Da hunturu, lulluɓe ta da zane. Da bazara, kai ta inuwa, kada tsami ya yi yawa.

Ki kula da ɗumi, uwargida. A huta lafiya.