Kaskar Kunne da Ramin Wanka: Jawabi ga Ma'aikatan En'e

Maganar yau a kan kaska ce, da irin faman da gwamnatocin kudancin Afirka suka sha da ita shekara hamsin da 'yan kai, da kuma yadda talakawansu suka karɓi abin. Ƙasashen suna da nisa, amma duk wanda aka taɓa ba takardar umarni aka ce ya kai wa masu shanu, zai ga kamar a gundumarsa aka yi.

Asalin abin daga bushiya ne. Annobar nan da ta share garkunan ƙasar Hausa wajen 1891, ita ce ta ƙetare kogin Zambezi a 1896, ta karkashe mafi yawan shanun kudancin Afirka cikin shekara biyu. A can kuwa sa shi ne garma, shi ne kuma mai jan keken kaya, da shanu a ke biyan dukiyar aure. Saboda haka Turawan Rodeshiya ta Kudu, watau ƙasar da a ke kira Zimbabuwe yanzu, suka shiga sayo shanu daga ƙetare. A 1901 aka sauke waɗansu a tashar jiragen ruwa ta Beira, an kawo su daga ƙasar da Jamus ke mulki a gabashin Afirka, Tanzaniya ta yau. A ido lafiyarsu lau, ashe da cuta a jininsu. Kafin ƙarshen shekara shanu suka fara faɗuwa a Umtali, a 1902 abin ya kai Salisbury, ya kuma ɓulla a Taransibal. A 1904 ya shiga Natal, a 1910 ya isa Taranskai. Aka sa wa cutar suna zazzaɓin gaɓar gabas, domin daga can ta fito.

Alamarta ba ta ɓuya. Da fari kaluluwar da ke ƙarƙashin kunne ta kan kumbura, sa'an nan zazzaɓi mai zafi ya biyo. Saniya ta daina kiwo, numfashi ya yi mata wuya, huhu ya cika da ruwa, a ƙarshe ta faɗi kumfa na fita ta hanci. Daga cizon kaska zuwa mutuwa bai fi mako uku ko huɗu ba. In ta shiga garken da bai taɓa saninta ba, cikin goma da ƙyar guda ke tsira.

Da fari likitocin dabbobi sun ɗauka ciwon nan ne na fitsarin jini wanda suka riga suka sani. Aka aika wa shahararren likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya zo Bulawayo a 1903. Ya ba da shawara a riƙa ɗiban jinin saniyar da ta warke a yi wa masu lafiya allura da shi. Aka yi, bai hana kome ba. Waɗanda suka gano bakin zaren su ne Arnold Theiler, likitan dabbobi na Taransibal, wanda ya tabbatar cuta ce dabam mai ƙwayarta dabam, da Charles Lounsbury, masanin ƙwari na gwamnatin Kef, wanda ya nuna wata 'yar kaska mai ruwan ƙasa da ke maƙalewa a kunnen saniya ita ke ɗaukar ta. Har yau sunan Theiler ne a kan ƙwayar cutar, Theileria parva.

Ya kamata a fahimci halin kaskar nan, gama daga halinta aka fitar da dukan dokokin da suka biyo baya. Sau uku ta ke hawa dabba a rayuwarta. Tana ƙanƙanuwa ta hau saniya ta sha jini 'yan kwanaki, ta faɗo cikin ciyawa ta yi saɓa. Ta hau wata ta sha, ta sake faɗowa. Sa'an nan ta hau ta uku tana babba. In ta sha jinin mai cuta a hawa ɗaya, sai ta zuba wa wadda ta hau a gaba. Amma ba ta gadar wa ƙwanta. Kuma in aka kwashe shanu daga makiyaya wata goma sha biyar, masu ɗauke da cutar duk sun ƙare. Watau ke nan, in an hana shanu yawo, an kuma kashe kaska kafin ta ƙoshi ta faɗo, cutar ba ta da hanya.

A kan wannan aka tsara aiki. Aka hana fita da shanu daga gunduma sai da takardar izini, aka ja waya aka kewaye wuraren da cutar ta shiga, wani wuri ma aka harbe garke ɗungum. Daga baya wani likita a Natal, Herbert Watkins-Pitchford, ya daidaita haɗin ruwan gubar arsenik wanda saniya za ta iya jurewa ko da kowane kwana uku ne. Sai aka shiga gina ramukan wanka. Rami ne dogo mai zurfi, an dafe shi da siminti, an cika shi da ruwan magani. A kan koro shanu ɗaya bayan ɗaya su faɗa ciki su nutse har ka, su yi iyo su fita ta ɗaya gefen. Kunne da gindin wutsiya kuwa da hannu a ke shafa musu magani. Inda cutar ta yi ƙarfi, kowane kwana uku ko biyar a ke yi, wani wuri mako mako. A bakin ramin akwai malami da littafi, yana ƙidaya shanun kowa. In saniya ta mutu, wajibi ne a kai ɗan yankin saifarta a duba da madubin likita.

Ta wajen ilmi babu abin da za a kushe a wannan tsari. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Mai shanu ya ga an hana shi sayar da sansa a kasuwar da ya saba, an hana shi kai shanun aure gidan surukai, kekunan kaya sun tsaya. Kowane 'yan kwanaki sai ya bar gona ya kora garke tafiya mai nisa zuwa rami, da rani shanun ga su a rame. In mai haɗa magani ya yi ganganci ruwan ya yi ƙarfi, fata ta sale, wata saniyar ma ta mutu. Shanun noma in sun fito daga arsenik ba su jure rana, sai garma ta kwanta. A kan wannan duka kuma aka ɗora masa kuɗin wanka.

A Taranskai akwai abin da ya ƙara ɓata zukata. Kafin ramuka su wadata, an yi wa shanu dubbai wata allura da aka haɗa da saifar waɗanda suka kamu. Ta tsirar da da yawa, amma wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa ita ce ta kashe su. Mutumin da ya kawo saniya tana tafiya da ƙafarta, ya koma ya fede ta bayan mako uku, ba shi da sauran kunnen jin bayanin likita. Sa'an nan a 1913 majalisar Afirka ta Kudu ta yi dokar da ta hana baƙar fata sayen ƙasa sai a 'yan keɓaɓɓun wurare. Mutane suka ce, wanda ya karɓe ƙasa bara, don me ya ke ƙidayar shanu bana?

A watan Nuwamba na 1914 abin ya fashe a gundumar Matatiele da maƙwabtanta. Jama'a suka ƙi kai shanu, aka farfasa ramuka, aka washe kantunan waɗansu 'yan kasuwa. Lokacin kuwa an fara Yaƙin Duniya na Farko, ga kuma waɗansu Turawan Buwa sun yi wa gwamnati tawaye, ba ta da sojan da za ta ɓatar. Sai ta aika da Walter Stanford, tsohon babban majistare na ƙasar, wanda ya ji harshen mutanen, su ma sun san shi. Ya bi gari gari yana tara jama'a yana sauraro. Abin da ya tarar shi ne, yawancin kukan a kan kuɗin wanka ne, da yawan kwanakinsa, da halin ma'aikatan da ke tsaye a bakin rami. Aka sassauta waɗansu sharuɗɗa, ƙura ta lafa, ko da ya ke gunaguni bai ƙare ba sai bayan 'yan shekaru. Waɗanda suka fi shan wuya a tsakani su ne sarakunan gargajiya da dagatai. Wanda ya tsananta, jama'arsa ta juya masa baya, wanda ya yi sako-sako, majistare ya tuhume shi.

Kada a ce wannan duhun kai ne na mutanen ƙauye. A kudancin Amurka ma, da gwamnati ta tashi kawar da kaskar da ke kawo fitsarin jini daga 1906, ta wajabta wankan shanu kowane mako biyu, manoma farar fata ne suka riƙa sa wa ramuka nakiya da dare, har aka kashe waɗansu ma'aikatan duba shanu a jihohin Jojiya da Arkansas. Sai a 1943 aka gama aikin. Ƙaramin mai shanu ko'ina ya ke lissafinsa ɗaya ne: wahalar yau a kansa ta ke, ribar kuwa ya fi ganinta wajen masu manyan garkuna.

Da wanka da ƙidaya da duban saifa, daga baya kuma da yanka garken da ya kamu a biya mai shi diyya, aka ci nasara. Cutar ta ƙare a Rodeshiya ta Kudu a 1954, a Afirka ta Kudu a 1955, a Suwazilan a 1960. Babban aiki ne, babu mai musun wannan. Amma ramukan ba su sami shiga zukatan mutane ba, domin an ɗora musu kayan da ba nasu ba. Da hukuma ta fito da shirin rage yawan dabbobi a ƙasashen baƙar fata, da littafin bakin rami ta san shanun kowa. A Natal kuma mata aka ɗora wa ɗebo ruwan cika ramuka, ba a biyansu ko anini. A 1959 tarzoma ta tashi a unguwar Cato Manor ta birnin Durban, ta bazu cikin ƙauyuka, mata suka fita ƙungiya ƙungiya suka lalata mafi yawan ramukan wankan lardin.

Abin da ya faru a Rodeshiya ya fi wannan ban tausayi. Tun 1914 wanka ya zama doka a can. Da yaƙin neman 'yanci ya yi zafi cikin shekarun 1970, ramin wanka ya zama alamar gwamnatin da a ke yaƙa, aka daina kai shanu a yawancin ƙauyuka. Shanun kuwa tun kakanninsu ba su san cizon kaska ba, jikinsu bai koyi jure cututtukanta ba. Da kaska ta dawo, fitsarin jini da 'yan'uwansa suka yi musu rubdugu. Likitocin ƙasar sun ƙiyasta shanu wajen miliyan guda suka mutu kafin yaƙin ya ƙare. Hasarar duk a kan talakan da ya yi murnar rushe ramin ta faɗa.

Yau zazzaɓin gaɓar gabas yana nan a ƙasashen gabas da tsakiyar Afirka, irin su Kenya da Uganda da Tanzaniya, amma dabara ta canja. Cikin shekarun 1970 masana a Muguga ta ƙasar Kenya suka fito da rigakafin da a ke sa wa maraƙi ƙwayar cutar da ranta, a haɗa masa da allurar magani mai daɗewa a jiki, ya yi ɗan ciwo kaɗan ya warke, ya sami kariya. Cikin shekarun 1980 kuma aka sami maganin da ke warkar da wadda ta kamu in an yi sauri. An kuma gane ita kanta kaska tana sabawa da guba, gama tun wajen 1940 aka ga wadda arsenik ba ya kashewa a Afirka ta Kudu, haka kuma ta yi wa magunguna da dama da suka biyo baya.

Allah ya sa kaskar kunnen nan ba ta zauna a Afirka ta Yamma ba, cutar ba ta iso ƙasar Hausa ba. Amma akwai waɗansu kaskokin, har da babbar nan mai zane a baya wadda kirci ke bi da damina, kuma babu shekarar da hukuma ba ta da wani umarni a kan dabbobi. Wanda ya san zamanin jangali ya san abin da ke sa Bafillace ya kora rabin garkensa daji in ya hango malami da littafi, ko da allura ce malamin ya kawo.

Saboda haka ga abin da labarin nan ya bar wa ma'aikaci. In an zo da aikin lafiya, a bar shi aikin lafiya, kada a rataya masa haraji ko ƙidayar da za a cuci mutum da ita gobe. Kada a sa talaka aikin da ba lada a ce don amfaninsa ne. A faɗa masa gaskiya tun da wuri, har da hasarar da za ta iya samunsa, gama in ya gano da kansa ba zai sake yarda ba. A zaɓi mai haɗa magani da mai riƙe littafi kamar yadda a ke zaɓen ma'aji. Kuma hakimi ko dagaci ya tuna aikinsa hanya biyu ne: yadda ya ke saukar da umarni, haka zai hau da kuka. Abin da Stanford ya ji a Matatiele bayan an farfasa ramuka, da an saurari dagatai da an ji shi tun ramukan suna tsaye.

Allah ya kiyaye dukiyar talakawa, ya ba shugabanni kunnen sauraro, ya sa a gama aiki lafiya. Amin.