Jawabi a Taron Reshe: Amanar da ke Cikin Waya Idan Za Ta Je Gyara



Wayar malami ba tasa ba ce shi kaɗai. A cikinta akwai makin jarrabawar ɗalibai, da lambobin iyayen yara, da hotunan takardun haihuwa da aka turo lokacin rajista. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba bayanan yara kulawa ta musamman. Amma ranar da gilashi ya fashe, sai mu miƙa wayar ga mai gyara, mu faɗa masa lambar buɗe ta, mu koma aji.

Akasarin masu gyara halal suke nema. Sai dai shago ba mutum ɗaya ba ne: ga yara masu koyon sana'a, ga abokan hira, wayar kuma takan kwana.

Babban haɗarin yana ga layi. Layin da aka haɗa da asusun albashi shi ne mabuɗin asusun, domin ta kansa banki ke turo lambar tabbatarwa. Duk wanda layin ke hannunsa yana iya buga *565*0# ya ga BVN ɗin mai shi, ko da wayar a kulle take, tunda zare layin zai yi ya sa a wata. Don haka a cire layi da katin memori kafin a miƙa waya, ko gyaran na minti goma ne.

Canjin gilashi ko batir ko wajen caji ba ya bukatar lambar sirri. In za a gwada, a gwada a gabanku, ku buɗe da hannunku. Tun 2022 Samsung ya sa wa wayoyinsa tsarin Maintenance Mode, mai ɓoye hotuna da saƙonni har mai waya ya dawo. Wanda tasa ba ta da irinsa, gyaran kuma na kwanaki ne, ya kwafe kayansa, ya cire asusunsa na Google, sannan ya goge komai.

Idan wayar ta mutu gaba ɗaya, a sa layin a wata waya a buɗe WhatsApp a can, na tsohuwar zai rufe da kansa. A kuma sauya kalmar sirrin imel da ta manhajar banki a ranar, kada a bari sai an karɓo ta.