Wa Zai Ɗauki Bindigar?



Maganar da ke gabanmu ita ce aikin soja: a tilasta wa kowane matashi, ko kuwa a bar shi ga mai so? To, mu duba abin da ya sami waɗansu. Amurka ta yi yaƙin Biyetnam da sojan tilas, amma doka ta yarda ɗaliban jami'a su jinkirta, watau irinmu suka zauna aji, 'ya'yan talakawa suka tafi bakin daga. A 1973 ta daina tilastawa. Suwidin ta dakatar da tilas a 2010, kana ta komo da shi a 2017, har da mata, domin masu shiga don kansu ba su wadatar ba.

A nan Nijeriya, a 1973 gwamnatin Janar Gowon ta ɗora wa masu digiri shekara guda ta bautar ƙasa, ba ta ba su bindiga ba. Sojanmu kuwa kowa da ƙafarsa ya je. Amma wanda rashin aiki ya kora bariki, da son ransa ya tafi?

A ganinmu, tilas ɗin da ɗan babban mutum zai kuɓuce masa zalunci ne, shigar da talauci ya jawo kuwa tilas ne a ɓoye. Saboda haka, kafin mu ɗaga hannu a wannan zaure, kowa ya tambayi zuciyarsa: in sunansa ne ya fito, zai tafi? Wanda ba zai tafi ba, kada ya tura ɗan wani.