Jawabin Mai Ƙirga Kuɗi: Yadda Cacar Waya Ta So Ta Ci Zubina

Kun san ni, ni ce mai ƙirga kuɗin akwatinmu, kuma bandar kifi nake sayarwa a kasuwar Yelwa. Yau asirin kaina zan tona.

Bara wani ƙanena ya sa mini wasan karta na kuɗi a waya. Na sa naira 200, na ci 700. Sai zuciya ta ce, ai ke gwanar lissafi ce. Na sami takarda ina rubuta katin da ya fita, wai don in gane wanda ya rage.

Ashe dabarar tsohuwa ce. A 1962 wani malamin lissafi a Amurka, Edward Thorp, ya nuna ana iya ƙirga kati a rinjayi gidan caca. Sai gidajen suka ƙara yawan katin, suna korar duk wanda suka ga yana ƙirgawa. A waya kuwa, na'ura ce ke sake cakuɗa katin kowane zagaye, to me nake ƙirgawa? Ku duba ma yadda abin yake: mutum biyu kowa ya sa 100, wanda ya ci a ba shi 190. Goman nan ta mai gidan ce, ko wa ya faɗi.

Abin da ya tsorata ni, ina salla hankalina na kan kati. Ina ɓoye waya in maigida ya shigo. In na faɗi, sai in ƙara don in fanshe. Ran nan na ɗauki 3,000 na zubin mako, hannuna na rawa. Nan na je na faɗa wa shugabarmu, ta goge abin a gabana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka, kuma aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wajen hani.

Roƙona uku ne. Kada a ci bashin akwati sai an faɗi sana'ar da za a yi da shi. Kuɗin zubi a ware shi tun ranar kasuwa. Wadda kuma ta ga alamun nan a kanta ko a ɗanta, ta faɗa wa ɗayanmu, mu kuma mu rufa mata asiri, ban da gori.

Allah ya kai mu ranar rabo da kuɗinmu cif.